Kuɗin jinyar da ba ya shiga rasit

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Ni malamin makaranta ne a nan cikin birnin Katsina, kuma shekara ta uku ke nan muke ciki muna jinyar mahaifiyarmu. Na ce "muna" ne saboda haka baki ya saba faɗa, amma in gaskiya za a bi mutum ɗaya ce ke jinyar nan, ita ce autarmu, sauran mu bakwai kuɗi muke turawa mu leƙo mu ce ya mai jiki.

Inna ta faɗi ne a watan Fabrairun 2023, da asuba, ta fito daga alwala butar na hannunta. Duk wanda ke ƙasar nan ya san wane lokaci ne wannan, lokacin canjin kuɗi ne da aka sauya takardun 200 da 500 da 1000, kuɗinka na banki amma ba ka da na sayen koko. Bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, magana ba ta fita. Maƙwabta suka taru wannan ya ce iska ce wannan ya ce jifa ne, aka yi ta hayaƙi da tofi har wajen la'asar kafin muka ɗauke ta zuwa asibiti, kuma har gobe wannan jinkirin na damuna, domin likitan da ya duba ta ya ce shanyewar ɓarin jiki ce hawan jini ya kawo, kuma awannin farko su ne suka fi komai muhimmanci. Ashe Inna ta kai wata biyar da daina shan maganinta don ta ji garau, ba wanda ya lura a cikinmu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana iya yi a cikin mota ana tafiya, wannan dai a riƙe.

Sati uku muka yi a kwance. Ranar da aka ce a yi hoton kai na yi fiye da awa biyu ina yawo wajen masu POS, wannan ba kuɗi wannan ba netwok, wanda ke da shi kuma sai ya yanki abin da ya ga dama. A wannan daren na sayi littafi mai ganye 60 na fara rubuta duk abin da aka kashe, saboda kuɗin haɗaka ne kar a zo ana zargin juna. Kati, gado, gwaje-gwaje, ruwan da ake ƙarawa, allurai, robar fitsari, safar hannu, komai da kwanan wata. Muka buɗe guruf na gida a WhatsApp, duk wanda ya yi taransifa sai ya turo hoton alat, nan take a jero mashi Allah ya saka da alheri Allah ya ƙara buɗi. Yayanmu da ke Abuja shi ya fi kowa turawa kuma Allah ya sani bai taɓa ƙorafi ba.

To wa zai kwana da ita? Ba a ma yi shawara ba. Aka ce ai mace ce ya kamata ta riƙa yi mata wanka da tsarki, yayyenmu mata biyu ɗaya na aure a Funtua ɗaya ma'aikaciya ce, sai aka juya ga Auta aka ce ke da ba aikin gwamnati kike ba. Shikenan magana ta ƙare, ta ɗauko tabarma da filo da ɗan goyonta. Wanda bai taɓa jinya a asibitocinmu ba bai san cewa rabin aikin ɗaki masu jinya ke yin shi ba, nas biyu ko uku ne a kan marasa lafiya cike da ɗaki, su ma suna iya bakin ƙoƙarinsu, amma zubar da fo da wankin zani da ba da abinci da juya mara lafiya da gudu zuwa kemis cikin dare duk na ɗan jinya ne. Ƙarƙashin gado take kwana ko a baranda sauro na cin ta.

Kuma "ba aikin gwamnati kike ba" ɗin nan ita ce kalmar da ta fi tsaya mani a rai yanzu. Auta tela ce. Keken ɗinki biyu gare ta da injin wibin, da yara mata uku masu koyo, kuma azumin 2023 ya kama ne a ƙarshen Maris, wato daidai lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe shi rabin shekara. Atamfofi da leshi na mutane sun cika mata durowa. Da ta ga ba hali sai ta sa ɗiyarta ta bi gida gida ta mayar ma kowa da kayanshi, da kuɗin kafin alƙalamin da ta riga ta karɓa ta kashe. Wasu suka yi mata uzuri wasu suka yi fushi, amma duka dai sun samu wata telar, kuma mai ɗinki in ya tafi ya tafi ke nan. Wannan asarar ban rubuta ta a littafina ba don ba ta zo da rasit ba, ban ma san da ita ba sai bayan shekara.

Da aka sallamo mu muka yi zaton an huta, ashe yanzu aka fara. Mai shanyewar jiki da ba ya iya motsawa sai an riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba bayanshi da ƙugunshi su yi gyambo, gyambon kwanciya kuwa in ya kama mutum jinyarshi ta fi ta ciwon farko wuya da cin kuɗi. Ga famfas na manya, ga ledar gado, ga omo da Dettol da sabulu, ga ruwa da sai an saya wajen 'yan garuwa don wanki kullum ne, ga gawayi na dafa ruwan zafi da kunu da faten da za ta iya haɗiya don ba komai ke wuce mata ba. Ga zuwa gashi sau biyu a sati, kuma Inna ba ta hawa kabu-kabu, sai an yi shatar kurkura ya kai ya jira ya dawo da su. Ana cikin haka ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1000, darajar naira ta faɗi, magungunan da mafi yawansu daga waje ake kawo su ko kayan haɗa su suka tashi. Abin da muka yanka ma kanmu duk wata ya daina kai mu ko tsakiyar wata, gashin ya koma sau ɗaya a sati, daga baya sai in an samu.

Sai 'yan dubiya, Allah ya ba su lada, dubiya sunna ce kuma haƙƙin musulmi ne a kan ɗan'uwanshi. Amma Edita a faɗi gaskiya, yadda muke yin ta wani nauyi ne a kan gidan. Mata goma su zo tun hantsi daga ƙauye, ba za ka bar su da yunwa ba, sai an ɗora tukunya an sayo fiya wata da lemo, wasu har kuɗin mota sai an ba su, kuma wa ke dafawar? Wadda ba ta runtsa ba jiya. Kowa kuma da maganin da ya zo da shi a baki, wannan ta ce akwai wani mai magani a Jibia, wannan ta ce a Maraɗi aka warkar da kishiyar yayarta, in ba a je ba a ce 'ya'yan boko sun ƙi nema ma uwarsu lafiya. Mun je wurare biyu saboda bakin mutane, kuɗi suka tafi Inna ta dawo a galabaice. Wata kuma ta ɗaga zani ta ga ɗan ja a bayanta ta ce "anya kuna juya ta kuwa?" a gaban yarinyar da ta tashi sau huɗu cikin dare. In za su tafi a ce sannu da jinya, ya mai jiki, ita kuma ta ce da sauƙi. Mu Hausawa ko ana fitar rai da sauƙi muke cewa. A wata 20 na farko ban ji mutum ɗaya ya ce mata tashi ki je ki kwanta zan zauna da Inna zuwa la'asar ba, kuma ni ma ina cikin waɗanda ba su faɗa ba.

Abin da ya buɗe mani ido zazzaɓi ne. Maleriya ta kada Auta har aka ƙara mata ruwa, kwana biyar ba ta iya tashi, nas ɗin da ta auna ta ta ce ita ma jininta ya hau, yarinyar da ba ta kai 35 ba. Muka shiga neman wadda za a biya ta zauna da Inna, duk wadda aka samu sai ta ce yini kawai za ta iya ban da kwana, wata ta zo ta ga aikin ta yi kwana ɗaya ba ta dawo ba. Dole matata ta karɓi rana ni na karɓi dare.

Daren farko na saita ƙararrawar waya ƙarfe 12 da 2 da 4. Ba nepa, zafi kamar a gasa gurasa, fankar caji ta mutu tun wajen ɗaya. Ƙarfe biyu na haska fitila na ga ta ɓata shimfiɗa, na tsaya ban san ta inda zan fara ba, na durƙusa na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta zan juya ta, wallahi tsohuwar da ta rame haka ban taɓa zaton tana da wannan nauyin ba, jikin da ba ya taimakonka nauyinshi daban ne, sai da bayana ya amsa. Ina cire famfas ɗin Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ja gefen mayafi ta rufe fuskarta. Ba ta iya magana amma na ga hawaye na bin gefen kunnenta. Ni ɗanta na biyu, ita da ko sunan yayanmu ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, yau ga ni ina yi mata tsarki. Na gama na shafa mata mai na canza zani na fito tsakar gida na zauna bisa turmi, ban koma barci ba har aka kira assalatu, ƙarfe bakwai da rabi kuma ina gaban allo. A kwana na uku sai da na zauna a aji don jiri. Kwana biyar kacal na yi. Auta a lokacin ta haura kwana 600.

Bayan ta warke na je na zauna da ita na ce Auta yau ki faɗa mani gaskiya, me da me jinyar nan ta ci maki. Da farko cewa ta yi haba Yaya, uwata ce fa. Sai da na matsa sannan ta fara, tana magana tana kallon ƙasa. Keke ɗaya da injin wibin ta sayar tun bara, wani dare da robar fitsari ta toshe kuɗin wata sun ƙare kuma ta ji nauyin sake rubutawa a guruf don kar a ce ta cika bani-bani. Adashinta ta fita don ba ta da zubi. 'Yan kunnenta na zinari na aure sun tafi. Ɗiyarta ta fari mai shekara 14 ita ta koma uwar gidansu, ita ke girki ita ke shirya ƙannenta, fashin makaranta ya yi yawa har ta maimaita aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ni kawunta malamin makaranta ban sani ba. Mijinta mutumin kirki ne ya yi haƙuri iyakar haƙuri, amma danginshi sun fara cewa shi da gwauro ba bambanci. Biki da suna da gaisuwar mutuwa duk ta daina zuwa har ƙawaye sun daina gaya mata. Bayanta kuma kullum sai ta sha maganin ciwon jiki kafin ta iya sunkuyawa.

Sannan ta faɗi wadda ta fi duka. Ta ce wani dare Inna ta tofar da kunu sau uku, ita kuma kwana biyu ba barci, ba ta san sanda ta daka mata tsawa ba. Ta ce tun ranar take ganin ta halaka, don Allah ya ce a Suratul Isra'i kada ka ce masu ko da "uf", ita kuwa ta wuce uf. Wata takwas tana ɗauke da wannan ita kaɗai tana kuka a banɗaki, ta roƙi Inna gafara ya fi a ƙirga. Na rasa abin da zan ce mata. Ayar gaskiya ce ba mai ja da ita, amma ayar ba Auta kaɗai aka saukar mawa ba, mu takwas Inna ta haifa. Mu da muka bar mutum ɗaya ba barci har haƙurinta ya ƙare, muna gidajenmu ƙarƙashin fanka, mu ba za a tambaye mu ba?

A nan nake kira ga malamanmu masu wa'azi a masallatan Juma'a da gidajen rediyo. Ana yawan karanta mana falalar bin iyaye kuma muna so a ci gaba, amma a ƙara da cewa wajibin na kan dukkan 'ya'ya ne maza da mata, kuma tura kuɗi bai sauke ma namiji sauran nauyin ba. Kalmar "ladanki na wajen Allah" gaskiya ce, na yi imani da ita, sai dai mun maida ta abin rufe bakin mai jinya don kar ta nemi komai a wajenmu. In lada ce ai kowa na buƙatarta, me ya sa ba mu rububin kwanan ba yadda muke rububin sahun gaba?

Da na koma gida na ɗauko littafin nan, ya zama na uku ma a lokacin, na duba tun daga shafin farko, sunan kowa na ciki da abin da ya bayar har da wanda ya kawo kwalin fiya wata, ban da sunan Auta. Na yi wani ɗan lissafi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa ma hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, a shekara 840,000 ke nan, kuma wannan na mai aikin yini ne da ke tashi ya tafi gida yana da ranakun hutu. Ita dare da rana take yi ba Asabar ba Lahadi ba sallah. Ko da albashin mutum ɗaya aka auna ta, abin da ta bayar ya fi na kowannenmu har da Yayan Abuja, ba a ma sa kekenta da zinarinta da karatun ɗiyarta ba. Na ɗauki hoton lissafin na tura guruf. An yi shiru kusan yini guda, har wani ya ji haushi ya ce yanzu uwa ma sai an biya mutum ya yi jinyarta? Na ce mashi ba ladan jinya za mu biya ba don ba mu da kuɗin biyan wannan, sana'ar da muka hana ta za mu mayar mata.

Ɓangaren hukuma ma akwai magana. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, shi ya sa ciwo ɗaya ke tsiyata gida guda. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 na kasafi ma lafiya, kasafin tarayya bai kai nan ba. A 2022 an yi dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da ta wajabta inshorar lafiya har ta tanadi asusu na masu rauni, mu ma a jiha muna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KTSCHMA, abu ne mai kyau kuma ina ba kowa shawara ya yi ma tsofaffinshi rijista tun suna ƙalau. Amma tsarin ma'aikata yawanci miji da mata da 'ya'ya 4 yake ɗauka, tsofaffi kuwa su ne suka fi kwanciya doguwa, kuma ba inshorar da ke sayen famfas ko ta biya mai kurkura. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci kwana 12 na rashin lafiyar kanshi a shekara, gwamnatin tarayya ta ba ma'aikatanta maza kwana 14 in matansu sun haihu, amma hutun jinyar uwa ko uba babu shi a dokar, shi ya sa kullum nauyin ke faɗawa kan wadda ake ganin "ba ta aiki". Jihar nan na da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34, da a ce ma'aikatan lafiya na matakin farko za su riƙa shiga gidajen da ke da irin wannan mara lafiya ko sau ɗaya a wata, su koya ma masu jinya yadda ake ɗaga mutum ba tare da an karya baya ba da yadda ake gane gyambo tun yana ja, su auna jinin mara lafiya su auna na mai jinyar, da an rage wahala mai yawa da kuɗi kaɗan. Mu sai da Auta ta yi shekara tana ɗaga Inna da ƙarfin ƙugu kafin wata mai gashi ta nuna mata yadda ake yi da zanin gado mutum biyu, cikin minti biyar. Hukumar zakka da waƙafi da masu hannu da shuni su ma su tuna akwai gidajen da ba za su taɓa fitowa roƙo ba, amma katifa mai kyau da keken marasa lafiya da famfas na wata guda zai sa su kuka don murna.

Yanzu dai a gidanmu mun raba kwana. Ni ke da daren Talata da na Juma'a, ƙanena biyu da matansu sun ɗauki uku, yayarmu ma'aikaciya na zuwa Asabar, ta Funtua na zuwa sati guda duk wata, Auta ta koma ɗakinta tana zuwa da rana kuma kwana ɗaya kawai take yi. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba, ana saɓawa ana faɗa ana shiryawa. An haɗa kuɗi an sayo mata keke ɗaya na hannu, injin wibin ɗin har yanzu ba mu kai gare shi ba, kwastomominta kuwa ɗaiɗai suke dawowa. Ɗiyar tata na ajina na darasin yamma kyauta. Shekarar da ta rasa dai ba mu da yadda za mu mayar mata.

Edita, roƙona na ƙarshe, ka tura wakilanka asibitocinmu na Katsina da Daura da Funtua da Malumfashi, amma ba da rana lokacin da manya ke zagaye ba, su je ƙarfe biyun dare su ga matan da ke kwance a baranda bisa kwali, su tambaye su kwana nawa suka yi a nan, wa ke riƙe masu yara, me suka sayar. Masu karatu kuma ina baran addu'a ga Inna da duk marasa lafiya na gida da na asibiti. Ta fara ɗan motsa yatsun ƙafar dama, kuma sunan Auta ne kaɗai take iya furtawa sosai.

Wassalam.
Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin makaranta,
Ƙofar Marusa, Katsina.